Fitilar da Na Kashe a Motar Sista

Kafin ku fara zagina a wurin sharhi, ku bari in fara da kaina, don na fi ku sanin inda ya kamata a daka. Shekarata hamsin da ɗaya, talatin da uku daga ciki a ƙarƙashin motocin mutane na yi su. A layin garejinmu Kunne ake ce mini. Ba don girman kunnen ba, ko da yake nan ma Allah bai rage ni da komai ba, sai don in mota ta shigo, daga kukanta nake faɗin ciwonta tun direba bai kashe ta ba. Wannan suna shi ne jarina. Shi ne kuma ya kusa kashe matar da nake so, ita da mahaifiyarta, ranar Asabar ɗin nan da ta wuce.

Ga waɗanda yau suka shigo: matata ta rasu shekara shida ke nan. Sista ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da ke bayan layinmu, ita ma mijinta ya rasu. Wata takwas ina zarya. Na gyara mata madubin da bai lalace ba, na duba mata iskar taya har tayoyin suka gaji da ni. Da ƙyar na haɗa maganar auren da ke bakina, ta saurare ni har ƙarshe kamar mai jin bayanin majinyaci, ta ce, "Injiniya, ranar Lahadi zan ba ka amsa." Ita kaɗai ke ce mini Injiniya a duniya, kuma ban taɓa gyara mata ba.

Ranar Laraba saƙonta ya shigo.

"Injiniya, barka da rana. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a dashbod tun jiya. Sau ɗaya kuma motar ta mutu mini a danja, ta sake tashi. Wani abokin aikinmu ya jona mata na'urarsa, ga abin da ta nuna. Mene ne?"

Sai hoto. P0335.

Harafi ɗaya, lamba huɗu. Na ƙara girman hoton, na juya wayar, na kusa kara ta a kunne ko za ta yi kuka in gane. Za ku ce me ya hana in tambayi wayar? Na tambaya. Ta zubo mini Turanci shafi guda, na karanta layi biyu kaina ya sara. Mutum ɗaya na sani da zai kalli lambar nan ya faɗa mini ma'anarta a tsaye, shi ne ƙanina Auta. Ni na koya masa riƙon sifana. Da ya girma ya je ya koyo aikin na'ura, ya buɗe shagonsa. Shekara biyu da suka wuce, a gaban 'yan uwa, na ce bakaniken da sai allo ya faɗa masa ciwon mota ba bakanike ba ne, ɗan duba ne. Aka yi dariya. Tun ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma daga nesa.

Don haka na rubuta wa Sista: "Ƙaramin abu ne, ranki ya daɗe. Kawo ta gobe."

Alhamis ta zo da farar rigar aiki, da mayafi ruwan toka, da ɗan agogon nan da suke maƙalawa a ƙirji. Ni kuma na sa rigar aikin da na goge da kaina, har da kari a hannu, abin da ya sa maƙwabcina mai faci ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na buɗe bonet, na ɗora dogon sukundireba a jikin inji, na kara kunne. Lafiya lau yake waƙarsa. Na canza fulogi. Na kakkaɓe matatar iska. Na leƙa dashbod: fitila na nan tana kallona. Sista kuma na kan benci tana kallona. Idanu huɗu, ko in ce uku.

Sai na ce ta koma inuwa, rana ta yi zafi. Na ɗauki sifana lamba goma, na cire kan batir, na yi ta goge-gogen ƙarya minti goma, na mayar. Na murɗa makulli. Fitila ta ɗauke.

Duk bakanike ya san wannan dabara, kuma duk bakanike ya san ba gyara ba ce. Mota ce ka sa ta manta abin da take ƙoƙarin faɗa maka.

"Kai, Injiniya, hannunka da albarka," in ji ta. "Me ya same ta?"

"Fulogi ne suka gaji."

Na ce wa raina ai daga gidanta zuwa asibiti tafiyar minti goma ce. In ta amsa mini ranar Lahadi, Litinin in lallaɓa in kai motar can wata unguwa inda ba a san ni ba, a jona mata na'ura. Kun ji lissafin dattijo mai furfura.

Asabar da sassafe Yaya Babba ta faɗo mini gida. Ita ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu, kuma har yau ba ta samu labarin cewa mun girma ba. Ta shigo da awon tela a wuya da ƙyallayen labule kala uku a jaka. Ta tsaya tsakiyar falo, ta dubi kujerata mai ƙafa uku da bulo, ta dubi tsohon kafireto da ke kan talabijin, ta dubi kalandar shekara huɗu da ta wuce.

"Kunne, a nan za ka ajiye 'yar mutane? Ko akuya aka kawo nan sai ta nemi a mayar da ita."

"Yaya, ba ta fa amsa ba tukuna."

"Za ta amsa. Na riga na faɗa wa mutane. Riƙe mini bakin awon nan."

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na kai hannu, ta buge hannun. "Ajiye! Kamar wani saurayi." Haka na tsaya riƙe da awo, taga bayan taga, minti arba'in, ana tambayata tsakanin ruwan ƙasa da ruwan zuma, alhali ni duk ɗaya nake ganinsu. Sai da ta shiga ɗakin girki neman abin faɗa na buɗe saƙon. An turo shi bakwai da rabi. Yanzu takwas da minti goma.

"Mun kama hanya ni da Mama, za ta ga likitan zuciya a babban asibiti ƙarfe sha biyu. Da motar haya za mu shiga, amma tun da ka ce ta warke, gara tamu. Ka san ba na ɗaga waya ina tuƙi. Sai mun isa."

Hanyar babban asibiti awa uku ce. Kafin tsakiyarta akwai gangaren nan mai lanƙwasa biyar, inda tireloli ke saukowa a jere suna hura ƙaho. Na kira ta. Ta yi ta ringi ba a ɗaga ba. Na sake. Sau bakwai. Na san wayar na cikin jaka, jakar na kujerar baya, don Sista mace ce mai bin doka, ba irina ba.

Na fita da silifas wari da wari. Yaya Babba na kira daga baya, "To ruwan ƙasan ko ruwan zuman?"

Shagon Auta da tayil a ƙasa, da fanka, da kujerun jira. Ban taɓa taka shi ba sai ranar. Yana zaune da farar riga, ya ɗago ya gan ni, ya miƙe.

"Yaya? Lafiya? Wa ya rasu?"

Na miƙa masa wayar. Ya dubi hoton daƙiƙa biyu, abin da na kwana uku ina kallo.

"Sensar karanshaf ce, ko wayarta. Motar wa?"

"Ta Sista."

"A ajiye ta, kar a hau. Tana ina?"

"Kan hanyar babban asibiti. Da mahaifiyarta."

"Da fitila a kunne ta kama wannan hanyar?"

Na dubi tayil. Tayil mai kyau ne, fari da ɗigon baƙi.

"Yaya."

"Na cire kan batir."

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da na fi jin sauƙi. "Ina shekara sha biyar ka mare ni a kan wannan," in ji shi. "Ka ce wanda ya kashe fitila bai yi gyara ba, ɓarawo ne."

"Na tuna. Me motar za ta yi?"

Yana magana yana zaro kwalin sabuwar sensa daga kanta. Ya ce wannan sensar, 'yar abu kamar babban yatsa, ita ke faɗa wa ƙwaƙwalwar mota cewa inji na juyawa. In saƙonta ya yanke, ƙwaƙwalwar sai ta ɗauka inji ya tsaya, ta yanke wuta da mai. Ba tari, ba gargaɗi. Da sanyi lafiya lau take, shi ya sa kunnena bai ji komai ba. Sai inji ya ɗau zafi sosai take yi.

"Kamar bayan awa nawa?"

"Ɗaya. Ko da 'yan mintuna."

Sauran ba sai ya faɗa mini ba, wannan ɓangaren nawa ne. In inji ya mutu mota na gudu, sitiyari zai yi tauri kamar an zuba masa siminti. Birki kuma taku biyu ko uku ya rage, daga nan sai ya zama dutse. Awa ɗaya da 'yan mintuna daga gidan Sista, kan gangaren nan ne daidai.

Auta ya ɗauki na'urarsa da makullin motarsa. "Taso."

Shi ke tuƙi, ni ina kira. Kira na sha huɗu ya yi ringi. Na sha biyar sai muryar matar nan ta kamfani ta ce ba a samun lambar a halin yanzu. Tara saura kwata. Na sake, ita ce dai. Na sake. Ban taɓa tsanar muryar wata baiwar Allah haka ba. Na fara ganin abubuwa: ɗan agogon ƙirji a kan kwalta, mayafi ruwan toka a jikin ƙaya. Na fara shirya yadda zan tsaya gaban danginta a ce ga bakaniken da ya duba motar, a yi mini godiya da na zo gaisuwa. Wannan ya fi komai tsayar mini da numfashi, godiyar.

Wayar ta yi ƙara a hannuna, na kusa yar da ita. Yaya Babba.

"Na zaɓa maka ruwan zuma, tun da kai ba ka da baki."

"Yaya, ki yi mana addu'a."

"Addu'ar me? Labule ne fa."

Na kashe. Auta bai yi dariya ba, ni ma haka. Gumi ya jiƙa mini riga har wando. Na ce, "Auta, in wani abu ya same su..." Ya ce, "Yi salati, Yaya. Bar maganar."

A lanƙwasa ta biyu muka tarar da motoci sun tsaya, mutane sun yi cincirindo, wata tirela ta karkace a gefe. Auta ya faka. Na kama murfin ƙofa, na kasa buɗe shi. Ni da nake ɗaga giyabos da hannu. Shi ya fita ya kutsa cikin mutane, ni ina zaune ina kallon bayan farar rigarsa. Ya dawo yana girgiza kai.

"Buhunan siminti ne suka zube. Ba wanda ya ji ciwo."

Na ce alhamdu lillahi, amma bakina kawai ya faɗa, don saura lanƙwasa uku.

A ta huɗu na fara ganin zanen taya, baƙi, layi biyu masu faɗi, irin na babbar mota da aka take wa birki da dukkan ƙarfi. Zanen ya yi tsawo, ya kauce zuwa ɗaya hannun. A ƙarshensa, can gefe cikin tsakuwa, ga 'yar shuɗiyar motar Sista, hancinta bai fi taku ɗaya da bakin rami ba.

Sista na tsaye a bayanta, cikin doguwar riga kore, mayafin ya zame kafaɗa. Mama na zaune a inuwar motar a kan ɗankwali, da carbi a hannu. Da rai. Su biyun. Na ƙirga su sau biyu.

"Injiniya!" Muryarta na rawa, ban taɓa jin ta haka ba. "Awa guda ina neman sabis in kira ka, babu ko ɗigo a ramin nan. Ya aka yi ka sani?"

Mama ta ɗaga hannu. "Allah ne ya turo shi. Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Kun ga inda Shaiɗan ya shimfiɗa mini tabarma. Ba abin da ake nema daga gare ni sai in yi shiru in zama gwarzo. Na ce, "Jikina ne ya ba ni." Na ja jak na shige ƙarƙashin mota da sauri, don nan ne kaɗai wurin da fuskata ba ta ganuwa.

Auta ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari. Ya leƙo ya ce in bi wayar sensar daga jikin inji da hannu, taƙi bayan taƙi. Na bi. Ban yi nisa ba na same ta: maƙallin da ke riƙe wayar ya karye, ta kwanta a jikin bututun salansa, robar ta narke, jan ƙarfen ya fito tsirara. Da sanyi ba komai. In bututu ya yi zafi, mota ta girgiza, sai ta taɓa ƙarfe saƙo ya yanke. Aikin minti ashirin. Da na san inda zan duba ranar Alhamis, da ko shayina bai huce ba na gama. Waya ba ta kuka, shi ya sa shekara talatin da uku na kunne ba su amfane ni da komai ba.

Na yanke wurin da ya ƙone, na haɗa, na naɗe, na janye ta nesa da bututu. Auta ya miƙo sabuwar sensa ya ce a sa, kar a yi wasa. Ina cikin ɗaurewa na ga ƙafafun Sista sun matso kusa da ƙofar direba. Takalmi baƙi mara tudu, ƙura ta rufe shi. Suka tsaya.

"Ƙanin Injiniya, ɗan karkato mini allon nan." Mace ce da ta yi shekara ashirin tana karanta allon na'urori a kan gadon marasa lafiya. "Wannan ai ita ce lambar da na tura masa ranar Laraba."

"E to," in ji Auta.

"Kuma kun taho da kayan gyaranta a kwali, tun ba ku ga motar ba."

Na daina juya sifana. Na ji Auta ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, na'urar nan takan yi shirme. Wani lokaci tsohuwar lamba take riƙewa. Ba a cika yarda da ita ba, kunnen Yaya ya fi ta."

Auta ne fa. Mutumin da na kira ɗan duba a gaban dangi saboda na'urar nan, shi ne yake zaginta da bakinsa don ya rufa mini asiri.

"Ba ta yi shirme ba," na ce daga ƙasa.

Takalman suka juyo.

"Ban san ma'anar lambar ba, Sista. Na ji kunyar in ce miki ban sani ba, na ji kunyar in tambayi ƙanina. Ban gyara komai ba ranar Alhamis. Kan batir na cire, fitilar ta mutu. Fulogin ma lafiyarsu ƙalau."

A kwance na faɗe shi, ina kallon tankin mai. Wata tirela ta wuce, ƙasa ta girgiza a bayana.

"Minti nawa ya ɗauke ka?" Muryar ta daina rawa. Ta koma irin wadda take yi wa masu ziyara in lokaci ya cika.

"Goma."

"Goma," in ji ta. "Da motar ta mutu, na juya sitiyari ya ƙi. Na taka birki sau biyu, na uku kamar na taka bango. A madubi ba na ganin komai sai hancin tirela. Mama na salati, ni kuma ina ce mata kar ta ji tsoro, Injiniya ya duba ta."

Da ramin nan zai matso taku ɗaya ya haɗiye ni, da na gode masa.

"Ɗan nan," in ji Mama, "fito haka nan. Ba a ba da haƙuri ana nuna wa mutane tafin ƙafa. Silifas ɗin ma ba iri ɗaya ba."

Na fito. Auta ya tayar da mota, ya bar ta ta yi zafi sosai yana kallon allo, ya girgiza wayar da hannu, saƙo bai yanke ba. Sannan ya goge lambar, gogewa ta halal. Sista ta gyara mayafinta, ta taimaka wa Mama ta shiga baya, ta miƙa wa Auta makulli.

"Don Allah kai za ka kai mu, ni kam na gama tuƙi yau." Ta juyo gare ni, ba harara, ba hawaye. "Malam, an gode da ɗaure wayar."

Malam. Wata takwas ina Injiniya, aka sauke ni a bakin titi ba ko takardar sallama.

Ni na dawo da motar Auta gida, ni kaɗai, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Lahadi bayan la'asar ina zaune a falo, labulaye ruwan zuma sun sha taga uku, Yaya Babba ta kira sau biyar tana tambayar ko an amsa. Wayar na kan gwiwata. Na ga alamar Sista na rubutu. Ta tsaya. Ta sake farawa. Ta tsaya. Na kasa jurewa, na tashi na sha ruwa. Ina ɗakin girki na ji ƙarar shigowar saƙo. Na dawo da gudu har na ture bulon kujera, na buɗe.

"An goge wannan saƙon."

Na ɗauki hotonsa na tura wa Auta. "Akwai na'urar da ke karanta wannan?"

Ya amsa nan take. "Babu, Yaya. Wannan kam aikin kunne ne. Je ka da ƙafarka."

Na sa rigar da ta fi kowace rashin tabon mai, na duba takalmana sau biyu na tabbatar iri ɗaya ne. Shuɗiyar motar na ƙofar gidansu, an wanke ta. Na ƙwanƙwasa. Daga ciki na ji an ture kujera, sai takun ƙafa, a hankali, yana matsowa. Na kara kunnen nan da ake yabo a jikin ƙyaure, na saurara da duk abin da na koya a duniya, na kasa gane ko lafiya ko ba lafiya ba.

Sakata ta motsa.